Lokacin da ke kan tsohon telegiram ba kuskure ba ne

Masu duba tsoffin telegiram, wato rubutattun saƙonnin wayar tangaraho, da suka bi wayar ƙarƙashin tekun Atlantika, wadda ta fara aiki sosai a 1866, sukan ga saƙo ya isa kafin lokacin aika shi, sai su ce ma'aikaci ya yi kuskure. Ba haka ba ne. Lokacin da ke saman saƙon shi ne sa'ar da aka miƙa shi a ofishin farko, bisa agogon garin, tare da sunan ofis da adadin kalmomi. Ofishin da ya karɓa kuma nasa agogon yake rubutawa. Saƙon da aka miƙa a Landan ƙarfe 12 na rana, ya yi awa 1 a hanya, ƙarfe 8 na safe zai isa New York, domin Landan na gaba da awa 5.