Alwala da mataccen batir ne ke kashe mana agoguna

Jama'a, kafin mu ce ɗan kasuwar Wunti ya sayar mana da jabu, mu duba yadda muke riƙon agogon. Da yawa daga agogunan da ke mutuwa a Bauchi hannunmu ne ya kashe su.

Rubutun 30M ko 3ATM da ke bayan murfi ba izinin shiga ruwa ba ne. Yayyafi kawai zai iya ɗauka. Wanda zai shiga da shi ruwan Wikki a Yankari, sai mai 100M. To mu kuwa sau biyar a rana muke wanke hannu har gwiwar hannu. Akwai siririyar roba a ƙarƙashin murfin baya, akwai wata a jikin maɓallin saita lokaci. Su ke tare ruwa. Zafin Maris da Afrilu na busar da su, su tsattsage, ruwan alwala ya samu hanya. Cire agogon ka sa a aljihu, shi ke nan. In ka ga gumi a cikin gilashi, kai wa mai gyara a ranar ya buɗe ya busar. Shanya shi a rana banza ce, tsatsa na ci daga ciki.

Sai batir. Ƙananan agoguna da yawa SR626SW suke ɗauka, wanda ake ce wa 377, yana kai shekara 2 zuwa 3. Mai LR a farkon lambarsa ya fi araha, amma ya fi saurin yoyo. Ni dai ban ga ribar wannan arahar ba. Wasu agogunan in batir ya kusa ƙarewa tsinken sakan kan riƙa tsallake biyu-biyu ko huɗu-huɗu, sanarwa ce. Kada a jefa mataccen agogo a durowa da batir a ciki, ruwansa ke cinye injin. Wajen canji kuma ka tsaya ka ga an mayar da robar mazauninta, an ɗan shafa mata man silikon.

Masu Seiko 5 da sauran marasa batir, kada ku canja kwanan wata tsakanin 9 na dare da 4 na asuba, lokacin haƙoran kalanda na a sarƙe, suna iya karyewa. Ku nisanta agogon da sifika, maganaɗisu na sa shi gudu.

Turare a fesa a bar shi ya bushe kafin a ɗaura, yana cin maɗaurin fata. Ƙurar hunturu kuwa, tsohon buroshin haƙori busasshe ya ishe ta.