Gado da Rashin Kan Gado

Tun da labarin ya riga ya kai majalisar ƙofar masallaci, kowa yana ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakina. E, gadon ya karye, kuma ina kai. Amma ba tsalle nake yi ba, kamar yadda wancan mutumin yake yaɗawa.

A gurguje: uwargida ta haihu, ta ga wani gado a Facebook, shida da shida, irin wanda ake kawowa a kwali ka haɗa da kanka. Na biya. Saura kwana 2 suna Keke Napep ya sauke kwali 3 a ƙofar gidanmu. Tsohon gadon madaci da iyayenta suka yi mata tun aure kuwa na tura shi ɗakin yara.

Maƙwabcina kafinta, kun dai san shi, mai shago a Panteka, ya leƙo ba wanda ya kira shi. Ya ƙwanƙwasa fuskar gadon da yatsa ya ce, "Maigida, wannan ai MDF ne, garin katako aka kwaɓa da gam aka matse. Kawo 5,000 in haɗa maka." Na ce ni da na yi HND a Kaduna Poly, gado ne zai gagare ni? Ban tsaya tuna cewa akanta na karanta ba.

Takardar ba rubutu, sai zane da kibiyoyi, ga wani ɗan alanki da bai wuce yatsa ba. Daga sallar isha'i har ƙarfe 1 na dare ina murɗa noti, rabin aikin da fitilar waya a baki don an ɗauke wuta. Da na gama sai ga noti 4 sun yi saura, da wasu guntayen katako 2. Na ce Allah sarki, mutanen kirki, har da gyara. Ɗaya na tokare ƙofar kicin da shi, ɗaya yaro ya yi mota.

Ranar suna aka ce in shiga in gaida Goggo, ta iso daga Zariya. Ɗaki cike da mata. Na tarar ta ƙi zama a gadon, ta miƙe ƙafa a kan kafet. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa sama-sama, sai ta ce, "Ina gadon da muka kawo?"

Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai bakina ya ce, "Goggo, ai wannan na zamani ne, ko mutum 10 zai ɗauka." Na miƙe, na tattara babbar rigata ta shadda, na hau har tsakiya na zauna. Na ɗan girgiza jiki. Sau ɗaya, wallahi. To, ko sau biyu.

Da farko wani ɗan ƙas na ji, kamar an karya tsinken sakace. Na yi murmushi don kada a gane. Sai ƙararas! Tsakiyar gadon ta tafi ƙasa da ni, katifa ta naɗe ni ta gefe biyu kamar an naɗe tsire a takarda, gwiwoyina suka zo daidai kunnuwana, babbar riga ta kife mini a fuska. Ta ƙarƙashin rigar ina hango hulata tana gangarawa a hankali, ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban ƙafar Goggo. Aka yi salati baki ɗaya, sai ɗakin ya yi tsit. Jaririn ma bai farka ba. Na yunƙura, na koma. Na sake yunƙurawa, wani filanki ya ƙara karyewa, na ƙara nutsewa. A nan ne wata yarinya ta tuntsire da dariya, sauran suka ce dama jira muke. Har uwargida, mai jego, tana riƙe ciki tana cewa, "Don Allah ku bari, ciwo nake ji."

Goggo kam ko haƙori ba ta nuna ba. Ta ɗauki hular, ta kaɗe ta, ta ce, "Sannu, injiniya."

Cikin duk mazan da ke waje, wa aka je aka kira? Kafinta. Ya shigo da ƙashin rago a hannu yana tsotsa. Mutumin nan bai fara ciro ni ba, sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ce, "Ina ƙafafun tsakiya?" Yaro ya ruga ya kawo motarsa, har ya ɗaura mata zare.

Ina cikin ramin ya buɗe aji. Wai gadon da faɗinsa ya kai ƙafa 6, sandar tsakiya ce ke ɗauke da nauyi, in ba ƙafa a ƙarƙashinta filanki kaɗai ba ya iyawa. Wai MDF in noti ya fizge, ramin ya gurɓace ke nan, ba ya sake kamawa. Wai a kiyaye shi da ruwan mofin don kumbura yake, kuma in hunturu ya shigo a sake ɗaure notin. Mata suna ta gyaɗa kai kamar wurin tafsiri. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba, amma wannan mutumin fa tsanina yana gidansa tun daminar bara. Ya ara zai gyara kwano "na minti 10". Duk sanda na tambaya sai ya ce yana wurin yaronsa a Rigasa. Mutumin da ya riƙe tsani shekara guda shi ne yau yake koya wa jama'a yadda ake riƙe amanar katako. Kuma shi ya kai labarin majalisa, har da ƙarin wai na kira sunan mahaifiyata.

Washegari ya sa sandar malaina da dogayen noti, ya karɓi 12,000. Ya ce ragi ya yi mini saboda maƙwabtaka.

Gadon dai yanzu yana tsaye, ko motsi ba ya yi, amma ni a bakin-baki nake kwana. Ƙanwar uwargida ta rantse ba ta ɗauki bidiyo ba, sai dai kullum ta gan ni sai ta duba wayarta. Ƙofar kicin kuma ta koma bugawa da iska, tun da an ƙwace abin tokarewar.