Attajirin da babu mai iya ce masa a'a

Duk sanda aka kawo labarin Howard Hughes sai kaji ana cewa ai kuɗi ne suka haukata shi, wai gara talauci da kwanciyar hankali. Ni dai wannan fassarar bata shige ni ba. Mutumin nan ciwo gare shi, ciwon da talaka ma yana yi, abin da kuɗin suka saya masa shine mutanen da za su riƙa yi wa ciwon biyayya.

Ɗan Houston ne a jihar Texas ta Amurka, an haife shi 1905. Babansa ya yi arziki da wani bakin injin haƙa rijiyar mai da ke cin dutse, kuma wayonsa shine baya sayarwa, haya yake bayarwa. Uwar ta rasu 1922, uban ya bi ta 1924, yaro ɗan shekara 18 ya wayi gari kamfanin Hughes Tool na hannunsa. Tun daga ranar babu wani babba a kansa.

Ya tafi Hollywood ya zuba kusan dala miliyan 4 a fim ɗin yaƙin sama mai suna Hell's Angels da ya fito 1930, matuƙa uku suka mutu wajen ɗauka, shi kansa da ƙwararru suka ce wani juyi da jirgi na da haɗari cewa yayi a bashi, ya hau ya faɗo. Amma fa a sama gwani ne, wannan ba'a ƙwace masa. A 1938 ya zagaye duniya cikin kwana 3 da awa 19. Ya ƙera ƙaton jirgin katako mai inji takwas, H-4 Hercules, wanda sau ɗaya tak ya tashi a 1947, tafiyar da bata kai kilomita 2 ba, daga nan aka kulle shi a rumfa ana ta kashe kuɗin kula da shi har mai shi ya mutu.

Inda abin ya karye shine 1946, da ya faɗo da jirgin gwaji XF-11 kan gidajen mutane a Beverly Hills, ƙirji ya murƙushe, jiki ya ƙone, aka ɗora shi kan maganin kashe zafi, kodin ɗin nan dai da muka san ɓarnarsa, bai ƙara rabuwa da shi ba. Ga kuma cutar waswasi da likitoci ke kira OCD, tsoron ƙwayoyin cuta, wadda dama tana tare da shi. Sai ya rubuta wa ma'aikata doguwar takarda kan yadda za'a buɗe gwangwanin abinci, da yadda za'a naɗe hannu da tishu ninki-ninki kafin a miƙo masa cokali, alhali shi yana zaune ba wanka, farce da gashi sun yi zaƙo-zaƙo, fitsari a kwalabe, tagogi an toshe. Kuma manyan mutane masu iyali suna karanta takardar nan suna bi layi-layi, ƙarshen wata a karɓi albashi.

Toh dan Allah da a gidan talaka ne fa? Ko ƙanin uba ko aminin yarinta wani zai ce kai wane tashi muje asibiti. Shi kuwa a 1966 ya sauka otel ɗin Desert Inn a Las Vegas ya haye bene na tara, da masu otel suka ce ya basu ɗakinsu sai kawai ya saye otel ɗin. Baya barci da dare yana son kallon fim, ya sayi tashar talabijin ta garin. Robert Maheu da ya shekara da shekaru yana juya masa dukiya bai taɓa zama da shi ido da ido ba, waya ce da takarda. Duk ƙofar da gaskiya zata shigo ta iske shi ya sa kuɗi ya toshe, saura 'yan a bi yarima a sha kiɗa.

Nasan wani zai ce kuɗinsa ne, rayuwarsa ce, kuma a zamanin maganin wannan ciwo bai kai na yanzu ba. Na yarda da rabi. Amma ranar 5 ga Afrilu 1976 da ya cika a cikin jirgi tsakanin garin Acapulco na ƙasar Mexico da Houston, dogon mutum mai kusan ƙafa 6 da inci 4 nauyinsa kilo 41 ne ko kusa da haka, ƙoda ta daina aiki, hoton asibiti ya nuna karyayyun allurai a damatsansa, sai da hukumar binciken Amurka ta FBI ta duba zanen yatsa kafin a tabbatar shine. Da likitoci a tawagarsa fa! Wannan ai ba sai an jira sabon magani ba, abinci da ruwa da gadon asibiti ne, da mutum ɗaya da zai yarda a kore shi daga aiki.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai bar wasiyyar da kotu ta karɓa ba, sai na jabu da suka yi ta fitowa, a 1983 aka raba gadon wa dangi 22. Kamfanin jiragensa kuwa tun 1953 ya mallaka shi ga cibiyar binciken lafiya mai sunansa, da yawa na ganin don gudun haraji ne, aka sayar wa kamfanin motoci na General Motors a 1985 kan sama da dala biliyan 5, kuma har gobe da kuɗin ake biyan masana masu binciken cututtuka, har da na ƙwaƙwalwa.