Kuliyoyin titi a Maraɗi: a ɗauki kowace unguwa tamkar tsibiri

A 1949 aka kai kuliyoyi biyar tsibirin Marion na Afirka ta Kudu don su kama ɓeraye. Zuwa 1977 sun kai wajen 3,400, suna cinye tsuntsayen teku dubu ɗaruruwa duk shekara, kuma sai a 1991 aka ga bayansu. Ba abin mamaki ba ne. Mage tana ɗaukar ciki tun tana wata biyar, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, ƴaƴa uku zuwa biyar, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu takan yi haka sau biyu ko uku a shekara.

A tsibiran da mutane ke zaune, irin na Girka ko Aoshima ta Japan, hanyar da aka koma ita ce a kama, a yi fiɗiya, a mayar da dabba inda aka ɗauko ta. Teku ce ke taimaka musu, don baƙuwar mage ba ta shiga sai jirgi ya kawo ta. Maraɗi ba ta da wannan gata. In aka zuba guba a kwata ko bayan babbar kasuwa, kafin damina ta zagayo kuliyoyin maƙwabta sun cike gurbin, tunda abincin da ya tara na farkon yana nan. Kafin su zo kuwa ɓeraye sun yi ɓarnarsu a siton wake da gyaɗa, gubar kuma ta haɗa da kajin mutane.

Don haka mu shawararmu ita ce a zaɓi unguwa ɗaya, Zariya ko Bagalam, a gama da ita kafin a taɓa wata. Gamawa tana nufin a fiɗiye aƙalla 70 zuwa 80 cikin ɗari na kuliyoyin unguwar, a makonni kaɗan. In aka ja aikin shekara guda ana yin biyu-biyu, haihuwar waɗanda suka rage ta riga ta maye gurbin. Kuma mata ake farawa da su. Fiɗiye muzuru ya fi sauƙi da araha, shi ya sa ake yawan tsayawa a kansa, alhali muzuru ɗaya da ya tsira ya ishi matan layi guda.

Mako guda ana ajiye musu abinci wuri ɗaya bayan magariba, sannan a tsallake kwana ɗaya su ji yunwa. A ɗana keji mai ƙofar da ke faɗawa da kanta, da kifin gwangwani can ƙarshensa. Da ta shiga a rufe kejin da zane, in ba haka ba za ta yi ta dukan ƙarfe har ta fasa hanci. Kafin fiɗiya, babbar kuliya ba ta cin komai tun dare, saboda amai cikin maganin barci yana iya sauka huhu. Aikin muzuru na ƴan mintoci ne. Na mace sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ƙwayayen biyu duka. Ɗan gutsuren da aka bari zai sa ta ci gaba da kukan neman namiji. A ɗinke da zare mai narkewa, don ba wanda zai sake kama ta a warware. Tun tana barci a yi mata allurar rigakafin haukan kare, a yanke kan kunnen hagu kamar santimita 1, shaidar da ake hangowa daga nesa. Namiji ya kwana ɗaya, mace ɗaya ko biyu, sai a sake su daidai inda aka kama su.

Inda aka fi yin asara shi ne zafi. Dabbar da ke cikin maganin barci ba ta iya daidaita zafin jikinta, kuma a watan Afrilu muna wuce digiri 40, don haka da asuba ake aiki, a ajiye keji a inuwa. Mai shayarwa a mayar da ita a ranar, domin jariran da ba su kai wata ɗaya ba ba sa jure rashin uwa. Ƙarfen dandaƙar raguna ko ɗaurin roba ba na muzuru ba ne, ruɓewa yake kawowa. Farasitamol ko ƙwaya ɗaya yana iya kashe mage, haka ma maganin kaska mai sinadarin famitirin da ake sa wa karnuka.

Masu shakka ta fuskar addini su tambayi malamansu. Da yawa sun halatta fiɗiyar idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabba ba. Abin da ya fi cancantar tsawatarwa shi ne zuba ƴaƴan mage a buhu a jefar a kasuwa, wanda shi ke rusa lissafin unguwar da aka gama. Nan ake buƙatar mai unguwa da mahauta: duk wanda ya ga baƙuwa mai cikakken kunne ya sanar da likitan dabbobi cikin makon, tun ba ta haihu ba.