Ƙannena masu bidiyon waƙa, kayan aro ba ya rufe katara

Ranar Asabar da yamma na iske samari sun tare rabin titi a bakin wani otal da ke hanyar Sakkwato, nan Gusau, wai ɗaukar bidiyon waƙa ake. Mawaƙin yaron unguwarmu ne, mahaifinsa faci yake yi. Ga shi jingine da baƙar jif, tabarau a ido, sarƙa a wuya, yana watsa bandir-bandir na kuɗi sama, abokansa na tattakawa. Ana cewa a tsaya sai wani ya duƙa yana tsince takardun yana ƙirgawa, mai motar kuma yana duba agogo. Ashe motar ta haya ce, kuɗin kuma na wani mai POS ne da ya biyo abinsa. Na ja yaron gefe, sai ya ce mini, "Kawu, ai haka a ka yi yanzu. In babu mota da kuɗi, ba mai kallo."

To ƙannena, da ku nake, kuma don ina ƙaunarku ne.

Ba na cikin masu cewa kyamara ce ta ɓata waƙa. Tun 1981 aka buɗe MTV a Amurka, tashar da a lokacin ba ta da aiki sai nuna bidiyon waƙa, kuma a 1983 Maikel Jakson ya fitar da wani mai kusan minti 14, da labari a cikinsa daga farko har ƙarshe. Mu a nan, bayan kafa NTA a 1977, makaɗi ake gayyata ya zauna da 'yan amshinsa, a saita kyamara, shi ke nan. Ku nemi hotunan Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ku gani: babbar riga, kotso, sai magana mai nauyi. Daga 1990 fina-finan Hausa na kaset suka taso daga Kano, kafin shekara goma fiyano ta shigo, saurayi da budurwa suka fara zagaya bishiya irin na Indiya. Mun yi ƙorafi a lokacin, har Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Sai faifan CD, sai memori da masu tura waƙa a bakin kasuwa, sai YouTube a 2005, yau ga TikTok a aljihun kowane yaro. Aikin da sai gidan talabijin ke iya yi da, yanzu waya ɗaya ta ishe shi.

Amma da aka samu wannan sauƙin, me kuka zaɓa ku nuna wa duniya? Motar wani. Falon wani. Agogon wani. Kuɗin wani. A kunna bidiyo goma, duk abu guda ne: a buɗe ƙofar mota a hankali, a sako ƙafa, a kara damin kuɗi a kunne. Wanda ko kuɗin data sai ya roƙi yayarsa, shi ne ke waƙar ya gaji da kashe miliyoyi. Haba! Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, kuma raminta ƙurarre ne, don kowa a unguwa ya san gidan da ka kwana. Ban ma taɓo shishar da kuke busawa cikin kyamara ba, ko 'yan matan mutane da ake kwasowa su yi rawa a biya su da kuɗin keke-napep, ko masu karɓar kwangilar zagin dattawa duk lokacin zaɓe. Wannan maganar wata rana ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda ake wannan wasan. Zamfara fa muke. Jihar da mai ɗan rufin asiri yake ɓoye sabon babur don tsoron infoma, inda ake sayar da gona da shanu a haɗa kuɗin fansa. A nan ne za ka fito kana shelar dukiyar da ba ka da ita? Wanda ke daji bai san ta aro ba ce. In ya zo, mahaifinka zai tarar, kuma tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Sannan kun sani sarai 'yan bindigar nan su ma suna hawa TikTok suna baje kuɗin fansar mutane. Yaro ɗan shekara goma ya kalli nasu, ya kalli naku, ina bambancin da zai gani? Darasi ɗaya ya ɗauka: namiji shi ne mai damin kuɗi, ba a tambayar inda ya samo. Ga doka ma: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an ɗaure wasu a kan haka. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da zai sauka.

Za ku ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Na yarda. Ku yi bidiyonku, ku sa duron, ɗan jirgin nan mai kyamara, ya tashi sama, amma ku ji tsoron Allah ku nuna abin da kuke da shi. Iyaye su sa ido, malamai su yi magana, manyan mawaƙa su ja kunnen na ƙasa.

Ƙasar nan ce fa ta su Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, maƙwabtanmu na Kabi suna da Sani Aliyu Ɗandawo. Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, mafi yawanmu muryarsa kawai muka sani, amma har yau a jami'o'i ana rubuta digiri a kan kalmominsa. Su ma an ba su doki da riguna, wasu har mota, sai dai in makaɗi ya ce an ba shi, to an ba shi ɗin, kuma zai kira sunan mai kyautar a bainar jama'a. Makaɗi kan daɗe yana sassaƙa ɗa guda na waƙa, wato baiti ɗaya, tare da 'yan amshinsa kafin ya yarda a ji. Yanzu masu iya kaɗa kotso suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har a bikin gidan sarauta sai ka ga an jero lasifika an jona waya.