Ya ci kuɗinmu, ya kai tantunan gidan biki, ya bar mu cikin sanyin Mirya

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta zauna daram a wurin wasu masu ba da hayar kayan taro a garin nan na Damagaram. Su karɓi kuɗin mutum biyu ko uku a kan kaya ɗaya, rana ɗaya, in ranar ta zo su duba wanda ya fi ƙarfi su kai masa, sauran kuma a bi su da "a yi haƙuri". An daɗe ana yi wa mutane haka suna haɗiyewa. Ni an yi mini, kuma wallahi ba zan haɗiye ba, domin abin ya wuce maganar kuɗi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da yarinya ƴar shekara biyu da ba ta daɗe da tashi daga jinya ba aka bari a fili, cikin iskar hunturu, saboda haɗamar mutum ɗaya.

Autata ta cika shekara biyu a watan Janairu. Na san akwai masu cewa bikin ranar haihuwa ba al'adarmu ba ce, kuma ban zo gardama da su ba. Amma duk uwar da ta taɓa shiga damina da ƙaramin yaro a goye ta san abin da Agusta da Satumba suke zuwa da shi. Zazzaɓin cizon sauro ya kama yarinyar nan har sai da aka ƙara mata jini. Ina zaune bakin gado ina juya tafin hannunta, ya yi fari fat. Da Allah ya tashi kafaɗunta na ƙudura a raina cewa in ta ga shekara biyu, zan tara dangi a yi sadaka, a yi addu'a, yara su yi wasa har su gaji. Abin da na nufa ke nan, ba kiɗa ba, ba almubazzaranci ba.

Kawuna yana da garka a wajen Mirya, kilomita 18 kacal daga gari a kan hanyar Gure. Mu da muke zaune kan duwatsu, muna sayen ruwa bido-bido wurin ƴan ga-ruwa, na famfon ma daga nesa ake turo mana shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, yaranmu ba su san zama ƙarƙashin mangwaro ruwa na gudana tsakanin fangulan albasa da salati ba. Shi ya sa muka ce mu tafi ranar Asabar da safe, mu kwana can, Lahadi mu shiga kasuwar Mirya mu sayi tukwane da rake, mu dawo da la'asar. Garkar ba ta da ɗaki sai bukkar mai gadi, don haka dole sai da tanti.

Kuɗin adashena na ɗauka, wanda na yi watanni ina zubi daga albashin koyarwa. Ni da Baban yara muka je shagon mutumin nan, muka ga kayan da idonmu: tanti biyu masu gefe da ƙofa, tabarmi, kujeru 10, ƙaramin gurup don fitila da cajin salula, da hiyas da za ta kai mu ta dawo da mu. Aka yi ciniki a kan jika 60. Ya ce sai an ba da abansi, muka ƙirga masa jika 40, ya rubuta a takarda da ranar da komai, ya sa hannu. Ya ƙara da cewa kuɗin mai daban ne, jika 10. A 2024 aka mayar da litar isansi CFA 499, kuma kai mu da ɗauko mu daga Mirya ko jika 5 ba zai ci ba, amma muka biya ba mu ce uffan ba, don mu samu kwanciyar hankali. Har ƙofar shago ya rako mu yana cewa, "Malama, ki sa ranki a inuwa, ƙarfe takwas mota na ƙofar gidanki."

Tun asuba muka tashi. An yi dambun zogale, an soya zabbi, an toya wainar sadaka, ga alkaki, ga gato da ƙanwata ta yo wa ɗiyarta. Yara sun yi wanka sun sa kaya suna ta leƙa zaure. Takwas ta wuce, goma ta wuce. Duk kiran da Baban yara ya yi, amsa ɗaya ce: ga ta nan tafe, direba ya je shan mai. Sai bayan azahar mota ta iso, kuma ba hiyas ba ce, wata tsohuwar ƙaramar mota ce da aka ɗaure ƙofar bayanta da igiya. Sai sawu-sawu aka kwashe mu. Da muka tambayi kaya, direba ya ce Alhaji ya ce mu yi gaba, suna biye da mu.

Muka yi addu'a, aka raba waina wa ma'aikatan garka da almajiran da ke kusa, yarinya tana ta bin ƴan tsaki tana ƙyalƙyala dariya. Ɗan lokacin nan tsakanin la'asar da faɗuwar rana shi ne kaɗai abin da muka mora. Ko shi ma rabin hankalinmu na kan hanya.

An idar da magariba ke nan adaidaita ta tsaya, yaron shagon ya sauke abin da ya kawo. Ku ji abin da aka aiko mana a madadin tanti biyu: tamfol guda ɗaya, tsoho, ya yage daga kusurwa har kusan tsakiya, an ɗinke wani wurin da zaren buhu, yana warin ruɓaɓɓiyar albasa. Ƙarafan da za a kafa shi uku ne, na huɗun babu. Babu igiya, babu turaku. Kujeru shida, biyu ƙafarsu a karye. Gurup ɗin kuwa Baban yara ya yi ta jan igiyarsa, yayana na haska masa da fitilar salula, har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ko tari injin bai yi ba. Da aka buɗe wurin baƙin mai, a bushe ƙayau.

Na ja yaron gefe na ce, "Ɗana, don girman Allah gaya mini gaskiya, ina tantunanmu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Mama, tun jiya Juma'a aka kafa su a wani gidan biki cikin gari, da babban gurup da hiyas ɗin duka. Ba za a kwance ba sai Litinin."

Tun Juma'a! Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, kuma har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Mutumin nan ya kwana da sanin cewa ba shi da kayan da zai ba mu. Kira ɗaya ya ishe shi. Da ya ce, Malama, an fi ƙarfina, zo ki karɓi kuɗinki, da mun nemi wani, ko mu ari zana da barguna wurin maƙwabta, ko mu ɗage zuwa wani mako, ko mu je da safe mu dawo da yamma. Sai ya zaɓi ya riƙe jika 50 ɗinmu, ya tura mu daji da yara da tsohuwa, ya jira dare ya yi, lokacin da ya tabbata ba mu da hanyar dawowa, sannan ya aiko da tsumma. Wannan ba mantuwa ba ce, ba kuskure ba ne. Lissafi ne ya zauna ya yi.

Wanda bai taɓa kwana a garka cikin Janairu ba bai san sanyi ba. A gari ko ba komai bango na tare maka iska. Can kuwa ƙasa a jiƙe take da ban-ruwa, iskar gabas na shigowa ta ƙarƙashin itatuwa ba abin da ya tsare ta. Muka ɗaura tamfol ɗin a jikin mangwaro da ɗankwalina da igiyar guga, iska na ɗaga shi tana maka shi da ƙasa. Inna, mahaifiyar Baban yara, ta naɗe cikin zannuwa biyu, haƙoranta na karo, ba ta ce komai ba sai salati, don ba ta son ta ƙara mana damuwa. Yarinyar na goye a bayana na lulluɓe ta da hijabi, ina jin tarinta yana bugun gadon bayana. Duk tari ɗaya sai gadon asibiti ya faɗo mini a rai.

Waɗanda suka cece mu mutanen da ba mu ba su ko dala ba ne. Mai gadin garkar ya tafi cikin duhu ya taso maƙwabtansa, suka zo da zana uku a ka da damin karan dawa. Kafin ka ce kwabo sun kafa mana shinge ta gefen iska, sun hura wuta. Matarsa ta fito da nata yaran daga bukka ta matsa su gefe guda, ta ce, "Yaya, shigo da Inna da yarinyar, ba za su kwana waje ina raye ba." Bukkar da ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Maza da manyan yara suka kwana zaune kewaye da wuta. Da safe da muka miƙa musu wani abu, sai da Kawu ya yi da gaske kafin suka karɓa. Allah ya saka musu da alheri, ya yi wa zuri'arsu albarka.

Lahadi mota ba ta zo ba, salular mutumin a kashe. Ranar kasuwar Mirya ce, motoci cike da fatake da kaya. A tsaye muka jira a bakin kwalta da kwanuka da tsohuwa, aka rarraba mu mota-mota, muka sake biyan kuɗin da mun riga mun biya. Tukwanen da na ci burin saye ko kallonsu ban yi ba. Daga tasha kai tsaye wurin likita na wuce da yarinya.

Sai ga shi ranar Litinin ya aiko yaro wai a ba da cikon jika 20, kuma wai mun yaga masa tamfol, sai mun biya. Kun ji ƙarfin hali! Na ɗauki takardar da ya sa wa hannu, yayana ya raka ni. Muka same shi a ƙofar shago yana shan shayi, ana sauke tantunan nan guda biyu daga hiyas ɗin nan, a gaban idona. Na ce, "Alhaji, waɗannan ba su ne ka nuna mini ba?" Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Haba Malama, babban mutum ne ya aurar da ɗiya, ya zan yi in hana shi? Ke fa ɗan wasan yara ne za ki yi. Ai kun kwana lafiya, ba wanda ya mutu."

Ɗan wasan yara. Lokacin da yake ƙirga kuɗina bai ce na wasan yara ba ne. Jikar malamar makaranta da jikar babban mutum duk ɗaya ce a aljihunsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In yana ganin taronmu bai kai ya kafa masa tanti ba, ai tun farko sai ya ce ba ya yi. Kuma wace irin zuciya ce take auna cika alkawari da cewa ba a mutu ba? Sai an ɗauko gawa daga Mirya sannan zai san ya yi laifi?

Na san abin da ya ba su wannan ƙarfin gwiwa. Lokacin sanyi lokacin bukukuwa ne, kaya ba sa isa, masu nema sun fi masu bayarwa. Tun 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar na tsawon watanni, duk mai gurup ya ga yadda ake layi a ƙofarsa, wasu kuma ba su sauko daga wannan girman kai ba har yau. Sun kuma san halinmu: talaka ba ya son zuwa komsariya, mace ba ta son a ce ta cika fitina, dangi za su taru su ce a bar wa Allah. Ni ma an faɗa mini. Gwaggona ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, tunda yarinya ta samu sauƙi, ki rufe maganar nan." Ina girmama ta, amma na ce mata a'a. Duk wanda ya rufe irin wannan magana, ya buɗe wa mutumin hanyar yi wa na gaba. Wa ya san iyali nawa ya yi wa haka kafin mu? Mako mai zuwa wata ce za ta kai kuɗin suna ko na walimar sauka, ta tara baƙi a rana tana jiran rumfar da tuni aka kafa a wata unguwa.

Ban hana kowa neman riba ba. Wanda yake da tanti biyu ya karɓi aikin tanti biyu. In babban ciniki ya faɗo masa daga baya, ya kira na farko da wuri ya mayar masa da kuɗinsa a hannu, ya ba shi haƙuri tun yana da lokacin neman mafita. Ko wannan bai cika mutunci ba, amma da sauƙi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a riƙe kuɗina, a yi mini ƙarya tun safe har dare, a jefa lafiyar ɗiyata da ta surukata cikin haɗari, sannan a aiko mini da yaro karɓar ciko.

Mun kai magana wurin mai unguwar da shagon yake, da takarda da hoton tamfol ɗin da yayana ya ɗauka, mai gadin garka kuma ya ce zai zo da ƙafarsa ya ba da shaida. An sa mana zama ranar Alhamis bayan la'asar. Jiya mutumin ya aiko wani dattijo wai in karɓi jika 15 a kashe wutar. Na gaishe da dattijon da ladabi, na ba shi ruwa, na ce ya koma ya gaya masa abansina jika 40 ne, kuɗin mai jika 10, ga kuɗin motar dawowa da na magani, kuma ko dala ba zan rage ba. In zaman mai unguwa bai fitar mini da haƙƙina ba, daga can komsariya zan wuce.