Yadda na sallami masu gadin wakena da hannuna

Bana nima na ce bari in taɓa noma, ɗan fili ne a bayan gida bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, na shuka wake. Ya fito gwanin sha'awa har na fara yiwa maƙwabta alƙawarin alale, kawai sai ga darba ta sauka, ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe da suke taruwa a toho su tsotse shi, ganye ya nannaɗe yana danƙo, tururuwa kuma sai safa da marwa suke a kansu kamar ranar kasuwa.

Wata Juma'a na gama shiri tsaf, farar shaddata ta ƙaramar sallah ce a jikina, saura kamar rabin awa liman ya hau mumbari, na ce bari in leƙa gona. Ina duƙawa na ga wasu halittu a tsakiyar darbar, sun ɗan fi ƙwayar shinkafa tsawo, baƙaƙe da ɗige-ɗige ruwan lemo a baya, ƙafa shida, jiki duk ƙaya-ƙaya, wallahi kamar an kama kada an matse shi ya koma ɗan mitsitsi. Na ce yauwa, ga iyayen gidan nan, su ke haifo min ƙananan.

Na hau tsince su ɗaya bayan ɗaya ina tarawa a tafi. Wanda duk na taɓa sai ya ɗan ƙanƙame, wani ruwa rawaya ya tsatso ta bayansa, ni kuma ko a jikina, yatsu na yin danshi sai in goge a gaban riga, al'adar da aka yi ta dukana a kanta tun ina yaro ban daina ba. Na tara wajen talatin na watsa wa kaji. Akwai wata tsohuwar kazarmu da bata ƙin komai, har jelar ƙadangare na ga ta haɗiye, ta zo da gudu ta cafki ɗaya, sai ta tsaya cak, ta yar, ta girgiza kai, ta shiga goga baki a ƙasa hagu da dama, sannan ta karkace ta kalle ni da ido ɗaya. Da ina da hankali a nan ya kamata in gane.

Maimakon haka sai na zura hannu aljihu na ɓallo goro na jefa baki. Kai jama'a. Goro dama da ɗacinsa amma wannan maɗaci ma ƙaninsa ne, ga wani wari kamar ɗanyen ganye ya kwana a ruwa. Ina tofe-tofe uwargida ta leƙo ta ce "Maigida, miyar wa ka sha da hannu haka?" Na duba ƙirjina, sawun yatsu rawaya reras tun daga wuya har aljihu.

'Yar wana da ke karatun aikin gona ta zo mana hutu, ita ta fito ta ɗaga ɗaya a kan ganye ta ce "Baffa, me suka yi maka?" Na ce wakena suke ci. Sai da ta gama dariyarta sannan ta ce ai darbar suke ci, guda ɗaya kan cinye ɗaruruwa kafin ya girma, wai 'ya'yan ƙwaron nan ne mai kama da rabin wake, mai sheƙi da ɗige-ɗige, wanda Turawa ke cewa ledibad. Ruwan nan kuma jininsu ne suke saki da gangan in an taɓa su, manyan ta gwiwar ƙafa suke fitarwa, 'ya'yan kuma ta gadon baya suke tsatso shi. A ciki akwai sinadarai masu ɗaci dangin alkaloyid, 'yan gida ɗaya da kwinin, sinadarin na irin mai ɗigo 7 ma har sunan ƙwaron na kimiyya aka bashi, koksinelin, warin kuma wani daban ne wai pirazin, shi ke cewa tsuntsu kar ka soma. Tururuwan da nake gani ma kiwon darbar suke saboda ruwan zaƙin da take fitarwa, in sun kawo wa 'ya'yan hari ruwan nan ne ke danƙare musu baki. Ta ƙara da cewa "Goron naka ma akwai alkaloyid ɗinsa Baffa, biyu ka haɗa."

Wato dai ɓarayi na bari na kori 'yan sintiri. Na canja wata tsohuwar riga, a bakin titi na samu sahu, har aka sallame bakina bai dawo daidai ba.

Bayan magariba na kunna fitilar waya na ɗauki cokali na duƙa a inda na watsar da su ina lalube, duk wanda na samu sai in ɗora shi a hankali in mayar kan wake ina bashi haƙuri a zuci. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce "Malam lafiya, kuɗi ne suka faɗi?" Na ce a'a, ma'aikatana nake nema. Huɗu na samu. Shaddar kuma mai wanki ya ɗaga ta ya kalla ya kalle ni, ya ce zai gwada amma kuɗin daban ne.